Mai Bi da Rumbun Waƙoƙinsa

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Yesu Kristi, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga wata tambaya da wani dattijo ya yi mini a ajin masu shirin baftisma. Tun yana saurayi yake ƙaunar kiɗan rok na Ingila da Amurka, watau irin na su Beatles da Rolling Stones da Led Zeppelin. Ya soma da faifan garmaho, ya koma kaset, yanzu kuwa ya tattara waƙoƙi 10,000 cikin kwamfutarsa. Ya ce, "Malam, sai in share su duka kafin a yi mini baftisma?" Wataƙila tambayar nan taka ce kai ma.

Da fari ka sani, amon tsirkiya da bugun ganga ba zunubi ba ne. Cikin 1 Sama'ila sura 16, kiɗan Dawuda ne ya kwantar da ran sarki Saul. Cikin Daniyel sura 3 kuwa, da kiɗa aka kira jama'a su yi wa gunkin zinariya sujada. Ashe kiɗa bara ne, wanda ya aike shi shi yake yi wa aiki. Kiɗan rok kansa ya ɗebi abu da yawa daga waƙoƙin ikilisiyoyin baƙar fata na Amurka. Elvis Presley ya tashi cikin sujada, kyautar Grammy uku da ya ci a gasa kuma duka a kan waƙoƙin bishara ne.

Amma kada ka ruɗi kanka, gama akwai ƙaiƙayi cikin rumbun nan. Waɗansu waƙoƙin suna yabon maye da fasikanci, masu yinsu da dama kuma sun girbi abin da suka shuka. Jimi Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison a 1971, kowannensu yana da shekara 27. John Bonham, mai gangar Led Zeppelin, ya mutu a 1980 bayan shan barasa mai yawa, ƙungiyar kuwa ta watse. Ba domin mu yi musu shari'a na ambace su ba, shari'a ta Allah ce. Amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi wa nasa.

To, me za ka yi? Ban ce ka share kome da kome cikin dare ɗaya ba. Little Richard ya bar kiɗan rok farat ɗaya a 1957, ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki a Alabama, amma a 1962 ya koma fagen da ya bari. Zuciyarsa Allah kaɗai ya sani. Abin da ni na gani a ajinmu shi ne, wanda ya zubar da tulunsa cikin zafin rai yakan koma rijiya da sabon tulu kafin wata ya mutu. Gara ka yi sheƙa, kamar yadda mata suke yi a masussuka. Ka zauna, ka bi waƙoƙin ɗaya ɗaya. Idan ba ka jin Turancin, ka nemi wanda zai fassara maka. Bai kamata bakin da ke addu'a ya riƙa maimaita abin da mai shi bai san ma'anarsa ba. Wadda za ka ji kunya a fassara ta gaban 'yarka, ka share ta. Wadda take tashe maka marmarin tsohuwar hanya, ko da kalmominta ba su da laifi, ka share ta, gama kai ka san inda ta saba kai ka.

Ka duba kuma ta inda suka shigo hannunka. A 1999 Napster ya buɗe wa mutane hanyar kwasar waƙoƙi ba biya, kotu ta sa ya rufe a 2001, amma halin bai mutu ba. Wanda ba zai ɗauki faifai daga rumfar ɗan kasuwa ya sa a aljihu ba, yaya zai ɗauke shi ta intanet ya ce tsintuwa ce? Abin da kake so ka riƙe, ka saya.

Sauran magana ita ce yawa. Na'urar iPod ta fari, ta 2001, tana ɗaukar waƙa 1,000, mutane suka yi mamaki; yau ɗan katin waya ya fi ta ciki nesa. Mun yi lissafi da dattijon nan: waƙa 10,000, kowace minti 4, sai mutum ya yi kusan kwana 28 yana ji dare da rana, ba barci. Ya furta da bakinsa cewa rabinsu bai taɓa ji ba, tarawa kawai yake yi, yana gyara sunaye da hotunan faifai har tsakar dare, da safe kuwa addu'ar iyali ta wuce shi. Sai na buɗe masa Luka sura 12, labarin mai arzikin da ya rushe rumbunansa domin ya gina manya, muka karanta tare.

Ya yi wata biyu yana sheƙarsa, awa ɗaya kowace Asabar da yamma. Abin da ya rage bai kai 900 ba, ya kuwa ajiye kwafinsu wuri biyu domin kada lalacewar na'ura ta cinye su. Ran da aka yi masa baftisma, shi ya riƙe jita cikin mawaƙa.