DARASIN LAFIYA: Ƙwayar HIV da Ruɗewar Ƙwaƙwalwa

A Kademi da sauran garuruwanmu na Gaya da Ajingi, idan mutum ya soma mantuwa, ya rage magana, ya daina kula da gonarsa, akan yi saurin cewa sammu aka yi masa, ko kuwa iska ce ta taɓa shi. Ga mai ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke kawo ciwon da muka fi sani da ƙanjamau, waɗannan alamu suna iya zama ɓarnar ƙwayar ce a cikin ƙwaƙwalwa. Ya kamata mu san yadda hakan ke faruwa, domin rashin sani ya sa an ɗaure waɗansu marasa lafiya, an kuma guje wa waɗansu.

YADDA ƘWAYAR KE SHIGA

An gano ƙwayar HIV a Faransa a 1983. A 1986 likitoci a Amurka suka bayyana irin ruɗewar hankalin da take jawowa, kuma a wannan shekarar ce aka fara ba da rahoton cutar a Nijeriya.

Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge a bangon jijiyoyin jini, wanda ke tare abubuwa masu cutarwa. Ƙwayar takan ɓuya cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda shingen ya saba bari su wuce, ta shige tare da su tun makonnin farko na kamuwa. A can sai ta zauna cikin ƙwayoyin halittar da aikinsu shi ne gadi da sharar ƙwaƙwalwa.

YADDA TAKE ƁARNA

Ƙwayar ba ta cika kama ainihin ƙwayoyin tunani ba. Masu gadin da ta kama su ne ke zubar da waɗansu furotin nata. Biyu da aka fi sani su ne gp120, wanda ke kan rigar ƙwayar, da Tat, wanda ke taimaka mata ta hayayyafa. Su kan tayar da kumburi, su raunana shingen nan, su kuma sa sinadarin gulutamet ya taru fiye da kima. Ƙwayoyin tunani suna bukatar gulutamet don aika saƙo ga junansu, amma manomi ya san takin zamani idan ya yi yawa ƙone shuka yake yi. Haka rassan da ke haɗa ƙwayoyin tunani suke yanƙwanewa, saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya.

Daga nan alamu suke fitowa: mantuwa, jinkirin ba da amsa, kuskuren lissafi a kasuwa, nauyin hannu wajen ɗinki ko saka maɓalli, tangaɗi a tafiya, da rashin sha'awar shiga mutane.

MAGANI

Tun 1996, da aka soma haɗa magunguna uku, ruɗewa mai tsanani ta ragu ƙwarai. Gwamnatin Nijeriya ta fara shirin ba da maganin a 2002, ta mai da shi kyauta a 2006. Maganin ba ya kawar da ƙwayar ɗungurungum, shi ya sa har masu shansa sukan ɗan sami ƙaramar mantuwa. Duk da haka, wanda ya fara da wuri, ya kuma riƙe shi kullum, ya tsare ƙwaƙwalwarsa, kuma da yawa waɗanda suka riga suka ruɗe sun sami sauƙi.

Babban haɗarin shi ne mantuwa takan sa mutum ya tsallake magani, tsallakewar kuma ta ba ƙwayar sarari ta ƙara mantuwar. Mara lafiya ba zai iya fita daga wannan tarko shi kaɗai ba.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na ɗaya, a kai shi asibiti, kamar Babban Asibitin Gaya, daga nan ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Sanƙarau da tarin fuka ma suna ruɗar da hankali, gwaji ne kaɗai ke bambanta su. Idan akwai zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko farfaɗiya, kada a kwana.

Na biyu, a sami mutum ɗaya amintacce a gida mai tuna masa magani, a haɗa shansa da lokacin addu'ar da aka saba, ta safe ko ta dare, bisa ga umurnin likita.

Na uku, mu riƙe asirinsa. Katakis da Zumuntar Mata su ziyarce shi ba tare da yaɗa zance ba. Gaisuwa da cin tuwo a akushi ɗaya ba sa yaɗa HIV.

Na huɗu, a kira Fada ya kawo masa Jikin Almasihu da shafewar marasa lafiya. Addu'a da magani tare suke tafiya, kada wani ya ce a ajiye magani don a gwada bangaskiya.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya sa tsallake magani ke ƙara mantuwa?
2. Wane ne a ikilisiyarmu ya daɗe bai zo Misa ba, kuma wa zai je ya dubo shi a wannan mako?

A karanta Matiyu sura 25 kafin taro. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri. Amin.