Ɗaki Ɗaya a Khartum: Wane Ne Ɗan Gida?

A nan makaranta, ɗan Malumfashi da ɗan Funtua ma sai su yi ta musu a kan wane gari ya fi noma masara. Amma ɗaliban Arewa da suka yi karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartum sun san cewa a can wannan musun ba ya kwana. Mutum biyar ko shida za su haɗa kuɗin haya, Bakatsine da Bakano da Basakkwace, wani lokaci har da ɗan Maraɗi. Tukunya ɗaya, a raba ranakun girki. Duk wanda ya dawo hutu, abin da ake fara tambayarsa shi ne kuka da daddawa da yaji, don ful da kisra kullum sukan gunduri mutum.

Abin nazarin shi ne, waɗannan matasa ba su ne Hausawan farko a Sudan ba. Tun da daɗewa mahajjata masu tafiya a ƙasa suke yada zango a can, wasu su zauna ke nan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Har yau ana Hausa a wurin. Naman nan da 'yan Sudan ke kira agashe ma, kunnenka ya gaya maka daga ina ya fito.

To ka ga ɗalibi zai shiga kasuwa ya ji harshensa, zuciyarsa ta yi sanyi. Sai dai mai agashen ɗan Sudan ne, kakanninsa a can aka binne su, ko Katsina bai taɓa gani ba. A ganina mun cika saurin cewa "ɗan uwanmu ne" ba tare da mun tambaye shi yadda yake kallon kansa ba.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Gwamnatin Najeriya ta yi hayar motoci zuwa iyakar Masar, aka kwashe kwanaki ana jira, sannan rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu. Ba a tambayi kowa ko yana jin Hausa ba, shaidar zama ɗan Najeriya aka nema. 'Yan ɗaki ɗaya suka watse zuwa jihohinsu, Hausawan Sudan kuwa suka zauna cikin yaƙin, don ƙasarsu ce.