Sauyin Ƙwayoyin Cutar da ke Kama Gaɓoɓin Yara Bayan Yaɗuwar Rigakafin Hib

Wannan nazari ya dubi yadda allurar rigakafi guda ɗaya ta sauya kamannin ciwon da ke tara mugunya a gaɓar yaro. Kafin 1990, idan aka kawo yaro ɗan ƙasa da shekara biyu asibiti a Amurka ko Ingila da kumburarriyar gwiwa da zazzaɓi, ƙwayar da likita ya fi zargi ita ce Haemophilus influenzae nau'in b, wato Hib. Amurka ta fara yi wa jarirai rigakafinta a 1990, Ingila a 1992. Cikin 'yan shekaru ƙwayar ta kusa ɓacewa daga gaɓoɓin yara a ƙasashen biyu.

Ciwon dai bai ƙare ba. Staphylococcus aureus ta ci gaba da kama yara manya da ƙanana. A tsakanin 'yan wata shida zuwa shekara huɗu kuwa, sai sunan Kingella kingae ya fito fili. Ba sabuwa ba ce, domin Elizabeth King ta bayyana ta tun 1960. Wuyar tsirowa take da ita a ɗakin gwaji, don haka aka daɗe ana cewa ba a ga komai a ruwan gaɓa ba. Da aka fara zuba ruwan a kwalaben renon jini, daga baya kuma aka shigo da gwajin PCR, sai ta yi ta bayyana. A ganina, kuskure ne a ce ta gaji gurbin Hib; kayan bincike ne suka inganta.

Abin damuwa shi ne alamunta ba su da tsanani. Yaro na iya ɗingishi ba tare da zazzaɓi mai zafi ba, gwajin jininsa ma ya fito kusan lafiya. Ma'aunin da Kocher ya fitar a 1999, mai dogaro da zazzaɓi da kasa taka ƙafa da sakamakon jini, yana iya tsallake irin wannan yaro.

Nijar ta shigar da rigakafin Hib a 2008, Nijeriya a 2012, cikin allurar Penta. Sai dai a nan akwai ƙarin Salmonella ga masu amosanin jini. Akwai kuma matsalar suna: iyaye kan kira ciwon targaɗe ko sanyin ƙashi, su nufi wurin maɗori. Mugunya kuwa tana iya cinye guringuntsin ƙugu cikin 'yan kwanaki.