Darasi: Nema wa mai jinkirin fahimta aiki

A ƙauyukanmu na Dandamisa akwai manya masu jinkirin fahimta tun yarinta. Suna ɗebo ruwa, suna kiwon awaki, amma ba mai biyansu. Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati, sai dai ofis yana da nisa. Gonar rake kuwa ga ta kusa.

Lokacin sara, ku raka mutumin wurin mai gona. Ku nuna masa aiki guda, kamar ɗaurin rake, ku maimaita har ya iya. A yi cinikin lada a gabansa, kuɗin kuma a hannunsa, ba a hannun yayansa ba.

Ku tattauna: wa zai raka shi makon farko?