Darasi: Wayar Ma'aji Rumbu Ce, Sai A Kulle Ta

'Yan'uwa manoma, a dā dukiyar ƙungiyarmu ta gama kai tana cikin akwatin ƙarfe da littafin magatakarda. Yau ta koma cikin waya. Tun ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, yawancinmu ta waya muke karɓar kuɗin masara da gero da wake. A ciki kuma akwai sunayen membobi, da lambobinsu, da buhun da kowa ya sayar.

A nan ƙasar Ruma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan wayar ma'aji ta faɗa hannun 'yan bindiga a hanyar Batsari ko Safana, ba kuɗi kaɗai muka rasa ba. Sun san wanda ya sayar da amfani mai yawa, sun san wanda za su kira neman kuɗin fansa. Sakacin mutum ɗaya ya jawo wa gidaje da yawa masifa.

Abin da za mu yi

1. Mu sa wa waya lambar sirri, mu sa wa layin ma tasa dabam. Gama ɓarawo yana iya cire layi ya sa a wata waya, ya nemi kuɗinmu na banki.
2. Kada mu faɗa wa kowa lambar sirri, ko lambar da banki ya aiko ta saƙo. Banki ba ya kira ya tambaye su. Wanda ya kira da sunan tallafin taki yana neman su, macuci ne.
3. Ranar kasuwa, in za mu ba da caji, mu kashe wayar. Wurin mai POS, mu danna lamba da hannunmu.
4. Kada a ajiye lissafin kuɗin membobi a wayar da ake tafiya da ita gona ko kasuwa. Mu riƙa share saƙonnin banki bayan an rubuta su.
5. In waya ta ɓace, ran nan a sanar da banki da kamfanin layi su rufe, a gaya wa shugaba.

Kada mu yar da littafi

A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, sai a Disamba aka fara buɗewa. Ranar da babu layi, littafi ne shaidarmu. A ajiye shi a kulle, mutum biyu amintattu su san wurinsa.

Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro. Mu ma haka. Sunan ɗan'uwa amana ne a hannunmu.

Tambayoyi domin taro

Wa ke riƙe da wayar ƙungiyarmu? In ta ɓace yau, me za mu fara yi? A karanta Nehemiya 4.