Daura ko Ɗaura? Harufa Masu Ƙugiya da Kai Rahoton Tangarɗa a Rumbun Ayyukan Python

1.0 Gabatarwa

Ƙugiya ɗaya ce ta raba sunan birnin Daura da aikatau "ɗaura". Wannan maƙala ta duba yadda rumbun ayyuka na asali, wato tarin umarnin da ke zuwa tare da harshen shirya manhaja na Python, yake mu'amala da rubutun boko, da kuma inda ya dace a kai ƙara idan ya saɓa. An zaɓi masarautar Daura ne domin tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda ake rubuta ƴ a gurbin 'y na Nijeriya, saboda haka takardun yankin kan ɗauko tsarin rubutu biyu.

2.0 Alhamza da Manyan Harufa

Umarnin title() yakan mayar da harafin farko na kowace kalma babba. Sai dai a wurinsa, duk harafin da ya biyo bayan abin da ba harafi mai babba da ƙarami ba, farkon kalma ne. Don haka "jami'a" takan fito "Jami'A", "sana'a" kuma "Sana'A". Sunan Mai'adua yakan koma "Mai'Adua", wanda aka saba gani a takardun Ingilishi, shi ya sa kuskuren kan wuce ba a lura ba.

Masu kula da Python sun san da matsalar. Maimakon su gyara umarnin, sai suka bayyana ta a littafin jagora, suka nuna capwords() a matsayin mafita. Wannan mafita ta yi wa Ingilishi daidai, ta kuma gyara "Jami'a", amma ta bar "'yan'uwa" da ƙaramin y, tunda alhamzar ce take ɗauka harafin farko. A Hausa alhamza baƙi ce mai cin gashin kanta, ba alamar taƙaita kalma ba. Wannan hujja ce da manazarcin harshe ya fi kowa iya gabatarwa.

3.0 Jeri da Ɓacewar Harufa

Umarnin sorted() yana bin lambar da Unicode ta ba kowane harafi: ƙ tana U+0199, ƴ tana U+01B4, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257. Duk suna bayan z, kuma ƙ ta riga ɓ. Idan aka jera ƙananan hukumomin masarautar, Baure, Daura, Mai'adua, Sandamu da Zango, komai zai tafi daidai. Da zarar an ƙara suna kamar Ɗahiru, sai ya faɗa ƙasan Zango. Mafi muni shi ne dabarar tsiraita harufa zuwa ASCII: é takan rabu ta bar e, amma ɗ ba ta rabuwa, sai a share ta ɗungurungum. Nan "ɗaura" ke zama "aura", "ƙasa" ta zama "asa".

4.0 Ina Za a Kai Ƙara?

Tun 2022 ake karɓar rahotannin Python a GitHub. Rahoton da ake saurara yakan faɗi sigar harshen, da gajeren misalin da wani zai iya maimaitawa, da abin da aka sa ran gani, da abin da ya fito. Sai dai ba kowane saɓani ne tangarɗa ba. Jeri bisa lamba tsari ne da aka yi da gangan, kuma mai kai ƙara a kansa za a tura shi ga sashen locale ko ga bayanan CLDR na Unicode, waɗanda suka riga suka ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Idan jerin Hausa ya yi kuskure a can, can ne kotunsa. Batun alhamza kuwa ya cancanci a sake tayar da shi a zauren Python da misalan Hausa, ko da abin da za a samu bai wuce ƙarin layi ɗaya a littafin jagora ba, mai gargaɗin cewa capwords() ba ta san 'y ba.