Wai Raki Nake Yi

Anti, daga unguwar Yelwa a Garwa nake rubuto miki, zuciyata a cunkushe. Tun da na haifi ɗana na huɗu ƙuguna da cinyoyina suke ciwo, in na durƙusa wanke-wanke sai na dafa bango kafin in miƙe. Na je asibiti aka ɗebi jinina, likita ya ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa, ya rubuta magani. Da na miƙa wa maigida takardar sai ya yi dariya, wai a garin da rana ke narka kwalta wa ya taɓa rasa bitamin ɗin rana? Surukata kuma ta ce raki ne, ita tara ta haifa ba ta sha ƙwaya ba. Raki, Anti! Ni da shekara 11 ban taɓa cewa wayyo a gidan nan ba. Takardar tana ƙarƙashin katifa. Kalmar rakin nan ce take hana ni barci. Yaya zan yi su yarda ba ƙarya nake ba?

Uwar yara huɗu, Garwa

Ƙanwata, ciwonki gaskiya ne. Amma kin cika min takarda da zancen raki, ba ki faɗa min lambar da gwajin ya nuna ba, balle abin da kike ci. Ki ciro takardar likitan nan yau, ki roƙi maigida ya raka ki ya ji daga bakin likita.

Ranar da ke kan kwalta ba ta yi wa ƙashi komai sai ta taɓa fata. Tsakaninki da Allah, yaushe rabon da ta taɓa taki? Zafin Maris da Afrilu yana kora kowa ɗaki, hasken da ya ratso gilashin taga kuwa ba ya wannan aikin, kuma baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. In hantsi ya dubi ludayi, ki zauna a tsakar gidanki hannuwa da ƙwauri a buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunyarki. Aikin bitamin D shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam; in babu kalsiyam a tuwon, me zai tsotsa? A Jos, binciken da aka wallafa a 1999 ya nuna yara masu lanƙwasassun ƙafafu sun fi samun sauƙi da kalsiyam a kan bitamin D kaɗai. Kindirmo, miyar kuka mai kauri, ƙananan busassun kifin Lagdo a daka su har da ƙaya: kullum, ba sai an yi baƙi ba. Kada ki sayi manyan ƙwayoyin bitamin D a kasuwa, yawansu yana taruwa ya taɓa ƙoda.

Kuma ba ki tambaye ni game da jaririn da ke bayanki ba. Nonon uwa bitamin D ɗinsa kaɗan ne, balle naki. Ki tambayi likita ɗigon bitamin D na jarirai, awo 400 a rana, ya kuma duba maɗigarsa da wuyan hannunsa.